Tafiya Ƙasar Waje Babu Katin Bashi: Ina Matafiyi Zai Sa Guzurinsa?

Duk wanda ya taɓa sauka a otal a Dubai ko Alƙahira ko Landan ya san wannan tsaiwar. Ka biya kuɗin ɗaki tun kana gida, takardar shaida na hannunka, ka miƙa fasfo, sai ma'aikacin ya ɗago kai ya ce ka kawo kati. Ka ce ai ka riga ka biya. Ya ce ya gani, amma dai kawo katin. A nan ne da yawanmu muke fara tunanin ko cutarmu ake son yi, ko kuma koren fasfon ne ya jawo mana raini. Gaskiyar magana, jingina yake nema. Otal na son ya riƙe wani abu naka saboda ko za ka ci abinci ka ce a rubuta, ko ka fasa wani abu a ɗaki, ko ka fice da asuba ba sallama. Wanda ya gane wannan jinginar ya gane rabin matsalar tafiya babu katin bashi.

Katin da ke aljihun yawancinmu, wanda muke ce wa katin ATM, kuɗinka ne a cikinsa. Ka yi sayayya, a zare daga asusunka, alat ya shigo kafin ka bar kanti. Katin bashi kuwa kuɗin banki ne. Banki zai yanka maka iyaka, ka yi ta kashewa, ƙarshen wata a kawo maka lissafi, in wa'adi ya wuce ba ka biya duka ba ruwa ya fara hawa. A Najeriya da Nijar tsiraru ne ke da irinsa. Bankuna ba sa bayarwa sai ga wanda suke ganin albashinsa ko cinikinsa a fili, mu kuma a namu ɓangaren akwai maganar riba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasa da ƙasa da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a karɓi katin da aka gindaya masa sharaɗin ruwa ba, ko da mai katin ya ƙudurta zai riƙa biya kafin wa'adi ya cika. Saboda haka ɗan kasuwar Kwari da ke da halin mallakar kati goma yana iya ƙin karɓar ko ɗaya, da gangan, kuma da hujjarsa.

Sai dai otal-otal da kamfanonin hayar mota na duniya an gina tsarinsu ne a kan wancan katin. Idan Bature ya miƙa nasa aka riƙe jingina, iyakar bashinsa ce ta ɗan ragu, ko sisinsa bai motsa ba. Kai kuwa da ka miƙa katin ATM, kuɗin cefanenka ne aka kulle. Mu ɗauka a matsayin misali otal ya riƙe dirhami 200 a kowane dare, kai kuma kwana biyar za ka yi: dirhami 1,000 ke nan sun shiga kurkuku, kana ganinsu a rubuce amma ba ka isa ka taɓa ba. Abin haushin shi ne ranar da ka bar otal ɗin ba lallai ne a sake su ba. Wani lokaci kwana biyu, wani lokaci mako biyu, wani lokaci sai an kusa wata, domin sai saƙon sakin ya bi ta bankin otal, ya bi ta Visa ko Mastercard, sannan ya iso bankinka na gida. Idan tafiyarka ta haɗa garuruwa uku, kana iya tarar da jingina uku a kulle lokaci guda, guzurin da ka lissafa zai isa ya ƙare a rabin hanya alhali ba ka kashe shi ba.

Maganin wannan mai sauƙi ne, amma kunya ke hana mutane. Ka tambaya tun kafin ka kama ɗakin nawa suke riƙewa, kuma ko suna karɓar tsabar kuɗi a madadin kati. Otal da yawa, musamman matsakaita, suna karɓa. Ka ba su tsaba, su ba ka rasit, ranar fita su maido maka a hannu, ba jira. Inda suka ce lallai sai kati, ka ba su wanda ba a kansa cin abincinka ya dogara ba. Hayar mota kuwa ni shawarata ka manta da ita. Kamfanoni da yawa ba sa ma karɓar katin ATM, waɗanda ke karɓa kuma jinginarsu mai nauyi ce. Tasi da Uber da Careem da jirgin ƙasa sun wadatar da wanda zai yi kwana goma.

Sai tsabar kuɗi, wadda har gobe ita ce uwar guzurin Bahaushe. Tana da ƙa'idoji da ba a rubuta a ko'ina ba, amma kowane ɗan canji a Wapa ta Kano ko Zone 4 na Abuja ya haddace su. Dala ba ɗaya ba ce. Akwai tsohuwar ɗari mai ƙaramin kai, ta kafin 1996, akwai mai babban kai, sannan akwai sabuwa mai shuɗin zare da ta fito a watan Oktoba na 2013. Gwamnatin Amurka ta ce dukkansu kuɗi ne masu aiki, kuma a Amurka haka ne. Amma mai canji a Makka ko Alƙahira ba ruwansa da abin da Amurka ta ce. Tsohuwa zai iya ƙi, ko ya karɓa a karye. Wadda ta yage, ko aka yi mata rubutu da biro, ko aka buga mata hatimi, ita ma haka. Ƙananan takardu irin na dala 5 da 10 da 20 galibi farashinsu bai kai na 100 ba. Don haka lokacin saye ne ake tsayawa a duba kowace takarda ɗaya bayan ɗaya, ko da ɗan canjin abokinka ne tun na makarantar allo.

Akwai wani abu game da dala da ya sha jefa tsofaffinmu cikin kuka a ƙasa mai tsarki. Takardunta duk girmansu ɗaya ne, launinsu ma ya yi kusa da juna, ba kamar naira ko riyal ba da ake ganewa tun daga nesa. Wanda bai iya karatun boko ba ba zai bambance dala 1 da dala 100 cikin sauƙi ba. Sai a samu wani ya zo da sunan taimako zai canja wa Hajiya, ya karɓi ɗari ya juya baya ya dawo da ɗaya ya ce ai wannan aka ba ta. Duk wanda zai tura mahaifiyarsa aikin Hajji ya zauna da ita ya nuna mata sifili biyun nan har sai ta gane su, ya kuma gaya mata lissafin da ba ya canjawa: an ɗaure riyal da dala tun 1986 a kan riyal 3.75, saboda haka dala 100 riyal 375 ce, mai canji zai ɗan cire nasa kaɗan. Dala 500 da aka bai wa kowane maniyyaci a matsayin guzuri a 2024 da 2025 ta kama riyal 1,875 ke nan. Wanda ya san wannan adadin da ka, da wuya a yi masa wayo. Dirhamin Daular Larabawa ma a ɗaure yake, wajen 3.67 a kowace dala. A waɗannan ƙasashe biyu babu wani amfani a yawon neman kasuwar bayan fage, domin babu ratar da za a ci. Ka dai guji canjin filin jirgi sai na abin shiga mota.

Tsaba tana da iyaka ta doka kuma. A Najeriya, dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa duk mai fita ko shigowa da abin da ya haura dala 10,000, ko kwatankwacinsa, ya bayyana wa jami'an kwastam. Amurka ma 10,000 ɗin ce, Tarayyar Turai yuro 10,000, Saudiyya kuwa ta daɗe a kan riyal 60,000, kuma a can har zinare da duwatsu masu daraja suna shiga lissafin, abin da ya kamata masu sarin gwal su riƙe. Mutane da yawa suna ɗauka bayyanawa na nufin za a ƙwace ko a caji haraji. Ba haka ba ne. Ɗaukar kuɗin ba laifi ba ne, ɓoyewar ce laifi, kuma ita ce ke kai mutum ga rasa kuɗin har da shari'a a kai.

To katunan da muke da su fa? Nan ne aka fi samun ruɗani, domin a ido duk roba ce iri ɗaya.

Katin Verve, da kuma na AfriGo wanda Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Janairun 2023, an yi su ne musamman don harkar cikin gida. Kada ka hau jirgi da su kaɗai. Katin naira mai tambarin Visa ko Mastercard kuwa tarihinsa na 'yan shekarun nan ya isa darasi. Da dala ta yi ƙaranci, a 2022 bankuna suka rage abin da za ka iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe ƙofar gaba ɗaya. Ɗalibai da marasa lafiya da ke waje sun ji jiki a lokacin. Sai a tsakiyar 2025 wasu bankunan suka sake buɗewa, kowanne da iyakar da ya yanka. Abin farin ciki ne, amma ƙofar da aka taɓa rufewa da saƙon tes guda ana iya sake rufe ta da wani. Ga kuma lissafin da ke ɓoye a cikinsa: ka sayi abu da riyal, a juya shi zuwa dala, sannan bankinka ya juya dalar zuwa naira a farashin da shi ya ga dama, a ranar da aka kammala cirewa. Wanda ya ga yadda naira ta tashi daga wajen 460 a kan dala kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024 ya san abin da kwana kaɗan ke iya yi wa lissafi. Ni a ganina katin naira ɗan rakiya ne. A tafi da shi, a gwada shi, amma kada a ɗora masa kayan tafiyar.

Wanda ya fi cancantar ɗaukar kayan shi ne katin dala na hannu, wanda ke haɗe da asusun kuɗin waje. Ka buɗe asusun, ka zuba dalar tun kana gida, faɗuwar naira ta daina shafarka daga wannan ranar. A Saudiyya da Dubai ma kusan babu abin da zai ba ka mamaki, tunda kuɗinsu a ɗaure yake da dala. Ta wannan hanyar ce kuma kuɗin guzuri na hukuma ke zuwa yanzu. Mai tafiyar kansa yana iya neman har dala 4,000 a wata uku ta banki, mai tafiyar kasuwanci dala 5,000, bayan ya cike takardar neman kuɗin waje da ake kira Form A ya nuna fasfo da biza da tikiti. A Fabrairun 2024 Babban Banki ya umarci bankuna su daina biyan wannan kuɗi da tsaba, sai dai ta kati. Maniyyata ne aka yi ta kai ruwa rana a kansu, har a 2025 Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya sa baki aka amince a ba su nasu a hannu, bisa hujjar cewa da yawansu daga karkara suke kuma ba su saba da na'ura ba. Hujjar gaskiya ce. Amma kai da za ka Umara ko asibiti ko sari da kanka, wannan rangwamen bai shafe ka ba. Kuma buɗe asusu da fitowar kati ba aikin kwana biyu ba ne, don haka ba ranar da biza ta fito ake farawa ba.

Akwai kuma katin dala na cikin waya, wanda ƙananan kamfanonin hada-hadar kuɗi ke bayarwa, lambobi ne kawai babu roba. Yana da amfani wajen sayen tikiti ko kama ɗaki ta intanet. Iyakarsa ke nan. Ba za ka zura shi a ATM ba, kuma wasu otal da kamfanonin jirgi sukan ce ka nuna katin da ka biya da shi, ka tsaya kana nuna musu fuskar waya. A watan Yulin 2022 irin waɗannan katunan da yawa suka tsaya cak a lokaci guda, saboda kamfani ɗaya da ke samar musu da su daga tushe ya dakatar da aiki. Ka loda masa daidai abin da za ka kashe a ranar, ka da ka mai da shi asusu.

Wani tarko da ke cin mutane a hankali, ba tare da sun sani ba, yana kan na'urar POS da ATM. Za ka sa kati, sai na'urar ta tambaye ka cikin ladabi: a caje ka da kuɗin ƙasar, ko da dala? Da yake katinka na dala ne, hankali zai ce ka zaɓi dala. Kuskure ne. Idan ka zaɓi dala, ka bai wa mai na'urar damar yi maka canjin da farashinsa, kuma farashinsa kusan kullum ya fi tsada. Idan ka zaɓi kuɗin ƙasar, Visa ko Mastercard ne za su yi canjin, nasu kuma ya fi kusa da na kasuwa. Kaya na riyal 300 dala 80 ne a lissafi. In ka ga na'ura ta rubuta maka 84 ko 85, to ladan tambayar da ta yi maka ke nan. A Makka ka danna riyal, a Istanbul lira, a Landan fam. Wajen cirar kuɗi kuma, da yake ana yawan yankar caji a kan kowace cira, cira biyu masu kauri sun fi goma ƙanana. Ka nemi ATM da ke jikin reshen banki, a lokacin aiki, saboda in ta haɗiye katin akwai ƙofar da za ka buga. Ka tuna ma ranakun hutu sun bambanta: Saudiyya Juma'a da Asabar, Daular Larabawa kuwa tun Janairun 2022 ta koma Asabar da Lahadi.

Abin da ya fi duk waɗannan yawan tsayar da mutane, ga mamakina, layin waya ne. Ka isa, ka sayi layin ƙasar, ka cire naka na gida ka jefa a aljihun jaka. Ka zo sayen tikitin jirgin ƙasa na Haramain daga Makka zuwa Madina, banki ya tura lambar tabbatarwa zuwa layin da ke kwance a jaka, wanda ko an sa shi ma ba a buɗe masa aiki a waje ba. Kuɗi na nan, kati lafiya lau, amma biya ya gagara. Kafin tashi ka tabbatar layin zai karɓi saƙo a waje, ko ka sa banki ya riƙa turo lambar ta imel ko ta manhajarsa, ka kuma sanar da su ƙasar da za ka don kada su ga ciniki daga Jidda su ɗauka ɓarawo ne su toshe katin. Waya mai layi biyu ta fi wata sabuwar jaka amfani a wannan tafiyar.

Yadda za a raba guzurin tsakanin tsaba da kati ya danganta da inda aka dosa, kuma bambancin yana da girma. A Saudiyya kusan kowane shago yana da na'ura, amma mai turin keken ɗawafi da mai aski da ɗan tasi tsaba suka fi so. A Masar tsaba ce sarki, kuma canji a bayan fage laifi ne da ake kamawa a kai. A Landan motocin bas sun daina karɓar kuɗi a hannu tun 2014, akwai kuma shagunan da za ka miƙa fam 20 su ce ba sa karɓa, don haka wanda ya je da tsaba zalla zai zama mai kuɗi da ba ya iya shiga mota. Sin ce ta fi kowa nisa. A Guangzhou da Yiwu hatta mai sayar da 'ya'yan itace da waya ake biyansa, ta Alipay ko WeChat Pay. Tun tsakiyar 2023 an sauƙaƙa wa baƙi haɗa katin Visa ko Mastercard na waje da waɗannan manhajoji, ciniki har yuwan 200 babu caji, abin da ya haura a ɗora kashi 3 cikin ɗari. Wannan na ci da sha da mota ne. Kuɗin kaya hanyarsa daban, kuma ɗan kasuwar da ya cakuɗa su biyun shi ne wanda ke wayar gari ya ci jarinsa a otal.

'Yan uwanmu na Nijar suna da wata sa'a da mu ba mu da ita. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kowane yuro ɗaya, saboda haka mutumin Maraɗi da zai je Faransa ya san lissafinsa tun daga gida, kuma yuro ya fi masa dala sauƙi. Daga Yamai zuwa Kwatano ko Lome ko Abijan ma ba ya buƙatar canji ko kaɗan. Amma in ya nufi Njamena ko Garwa, sefar can ta yankin tsakiyar Afirka ce. Darajarsu ɗaya a takarda, sai dai mai shago ba zai karɓi ta yamma ba, dole a bi ta hannun ɗan canji, shi ma ya ci nasa.

Saura tambayar da ba wanda ke son yi: in komai ya ɓace fa? Mai katin bashi yana da rijiyar da zai ɗiba kafin ya dawo. Kai ba ka da ita, sai wadda ka haƙa da kanka. Mutane suna cewa ai sai a turo min ta Western Union, ba su san cewa ƙa'idojin da Babban Banki ya fitar a Janairun 2024 sun taƙaita irin waɗannan kamfanoni ga shigo da kuɗi Najeriya kawai ba. Abin da ke saura shi ne tsohuwar hanyarmu: a ba wani naira a Kano, ɗan uwansa ya ba ka riyal a Makka. Tana aiki, da sauri ma, kuma amana ce ke riƙe da ita. Amma ba ta da rasit da za ka kai ƙara da shi, kuma a Saudiyya da Daular Larabawa yin wannan sana'a babu lasisi laifi ne, mai karɓa ma yana iya shiga tambayoyi. Hanya mafi tsafta ita ce ka bar mutum ɗaya amintacce a gida da ya san lambar asusunka na dala, wanda in ka kira zai je Wapa ya sayi dala ya zuba, kai kuma ka cira a can. Wannan na aiki ne kawai idan katin bai tafi tare da walat ɗin da aka zare ba. Shi ya sa kati ɗaya ke zama a jikinka, ɗayan tare da wani kaso na tsabar a akwatin ajiya na ɗaki, lambar kiran banki kuma a rubuce a takarda, domin wayar ma tana iya tafiya. Da katin ATM kuɗinka ne ɓarawo ke kwasa kai tsaye, kuma dawo da su daga wata ƙasa aiki ne na makonni, don haka asusun da katin yawo ke haɗe da shi kada ya ɗauki fiye da na 'yan kwanaki.

Ranar fita daga otal, kafin ka ja akwati, ka tsaya a teburin nan da aka fara tambayarka kati. Ka ce a saki jinginar a gabanka, a ba ka takardar da ke nuna an sake ta, mai ɗauke da kwanan wata da adadin. In mako biyu ya wuce kuɗin ba su dawo ba, wannan takardar ce bankinka zai fara tambaya.